Ganye Mai Huda Bakwai

"Inna, sandar nan fa ba za ta shiga mota ba," in ji Nata'ala direba. "Kawo a kwantar da ita a but."

"Kai za a kwantar a but," in ji Gwamma, ta ƙara rungume bokitinta. "Buɗe min gaba."

Ya buɗe mata gaba. Ta shigar da ƙafa ɗaya da ƙyar, don gwiwoyin nan nata sun daɗe da daina jin magana, ta ɗora bokitin a cinya, ta karkata sandar har kanta ya leƙa ta taga. Sandar gora ce da aka naɗe da buhun algarara, a jikinta kuma wani tsiro mai yaɗo ya nannaɗe, ko in ce abin da ya saura na tsiro. Karan ya yi laushi, ganye huɗu sun langaɓe, bakinsu ya ƙone kamar an kusantar da su ga murhu.

Motar ba ta gama fita daga tashar Gwarzo ba wata mata a baya ta miƙo wuya.

"Baba, magani ne?"

"A'a."

"To miya ake yi da shi?"

"Ba a yi."

"Ikon Allah! To mene ne amfaninsa?"

Tambayar nan Gwamma ma ta yi ta, da bakinta, shekara shida da suka wuce, ranar da 'yarta Nuriyya ta dawo daga bautar ƙasa a Kalaba da ɗan reshe mai ganye biyu a cikin gorar ruwa. Wasu 'ya'yan suna dawowa da manja da busasshen kifi, ita ta dawo da ciyawa. Ta faɗi sunan abin da Turanci, wani suna mai tsawo da harshe ba ya juya shi, sai mutanen gida suka huta suka sa masa 'yar Kalaba.

Nuriyya kuwa 'yar fari ce. Kun dai san yadda abin yake a wurin mutanenmu na da. Tun ranar suna Gwamma ba ta taɓa kama sunan yarinyar nan a bakinta ba. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yi mata wasa ba, da aka yaye ta ma ƙanwar Gwamma, Badi'a, ita ta ɗauke ta har ta gama firamare. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta yi zancenta sai ta ce "yarinyar nan". Da ta zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, sai Gwamma ta sami sauƙi, ta koma ce mata Malama kamar kowa. Matan yanzu sun watsar da wannan kunya, suna rungumar 'ya'yansu na fari a tsakiyar kasuwa. Gwamma ba ta iya ba. Ba wai ba ta so ba. Ba ta iya ba ne kawai.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Nuriyya, aka ce sai babban asibiti a Kano, Badi'a ce ta naɗe tabarma ta bi ta jinya. Gwamma ta tsaya a bakin zaure, hannu a cikin mayafi, ta ce Allah ya sauwaƙe. Ana tallabe da Nuriyya za a sa ta a mota ta waiwayo.

"Inna, 'yar Kalaba tana hannunki. Ruwan randa za ki ba ta, ba na burtsatse ba. Ki riƙa jiƙa buhun. In ta gagara, a kai wa Malam Hambali a Kabo."

"Na ji," in ji Gwamma.

Wata huɗu ke nan. Kuma a wata huɗun nan, duk abin da ba ta yi wa 'yar ba ta yi wa tsiron. Ta share ganyensa ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi. Ta jiƙa buhun safe da yamma. In ta shiga ɗakin da yake ta ga ba kowa, har magana take yi masa.

Kullum bayan la'asar waya takan shigo. Ba sa zancen ciwo, don ba su san ta inda za su kama shi ba. Gwamma ta ce yaya jiki, Nuriyya ta ce da sauƙi, daga nan sai su faɗa zancen 'yar Kalaba kamar masu gudun rana sun sami inuwa. Ta kai ina a jikin sandar? Ta wuce ƙusar taga? Ta yi sabon toho?

To, mako shida da suka wuce sabon ganye ya warware, babba, ya fi tafin hannu. Gwamma ta duba. Ganyen a ɓule yake. Huda ce a jere, dama da hagun jijiyar, har tana hango bangon ɗaki ta ciki. Matar da ta yi shekara arba'in tana noman wake da gyaɗa a ƙauyen Kara ba ta bukatar a gaya mata abin da ke ɓula ganye. Ta tsinke shi nan take ta jefa a murhu, ta birkice sauran ganyen tana neman tsutsa, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta barbaɗa toka.

Da yamma Nuriyya ta ce, "Inna, sabon ganyen ya buɗe? Yaya kamarsa?"

Wa zai gaya wa marar lafiya tsutsa ta shiga abin da ta fi so?

"Lafiya lau," in ji Gwamma. "Sumul. Ko ƙwarzane babu."



"To," in ji Nuriyya. "Da saura ke nan."

Na biyu ya fito a ɓule, na uku ma haka. Bilki maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Gwamma, tsutsar zamani toka take ci ta yi ƙiba. Bari in ɗebo miki na feshin wake a wajen maigidana." Aka fesa. Wasu irin saiwoyi da suke fitowa daga jikin karan suna kama buhu, Bilki ta ce su suke shanye masa ƙarfi, aka bi su da reza. Da ganyen ya fara rawaya aka ce yunwa ce, Gwamma ta zuba takin zamani cikin tafin hannu guda. Da ya ƙara lalacewa aka ce ai wane tsiro ne zai rayu a ɗaki kamar mai jego, ta fitar da shi tsakar gida, cikin ranar bazara, kwana biyu cur. Ganye biyar masu huda ta tsinke, kuma sau biyar tana cewa sumul.

Shekaranjiya Badi'a ta karɓi wayar ta fita baranda, ta rage murya.

"Yaya, wankin ƙodar nan ya daina karɓarta. Ki zo."

"Gwiwata," in ji Gwamma. "Kuma wa zan bar wa abin nan?"

"Yaya, don Allah. Wace kunya ce ta saura?"

A ranta Gwamma ta riga ta ƙulla wani abu da ba za ta iya gaya wa kowa ba, har Allah ma tana jin nauyin ta faɗa masa a sujada: in tsiron nan ya tashi, yarinyar za ta tashi. Kuma ba za ta je ta tsaya a kanta da hannu biyu ba komai, a tambaye ta amana ta ce ta mutu.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da suka shiga Kabo. Ba ta sha wuyar neman gidan ba, kowa ya san tsohon malamin gona mai gandun dashe a bayan gari. Ta same shi a tsugune cikin layukan mangwaro da gwaiba da ke cikin baƙaƙen leda, dogon tsoho siriri, da tabarau ɗaure da zare.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam."

"Wa alaikumus salam. Maraba, Hajiya. An zo lafiya? Yaya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne. Yaya iyali?"

"Lafiya lau. Yaya mutanen gida? Daga ina?"

"Daga Gwarzo. Suna gaishe ka."

Ya shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ya kawo ruwa a moɗa. Sai da ta sha sannan ya dubi bokitin. Yana dubawa kuwa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan ai na Malama Nuriyya ne."

"Nata ne."

"Ke ce mahaifiyarta?"

Gwamma ta kawar da kai, ta gyara bakin mayafi. "A gidanmu take."

Malam Hambali ya gane, bai ƙara ba. Ya tambayi jikin, ta ce da sauƙi. Ya tsoma yatsa a ƙasar bokitin, ya sansana, ya ga farin gishirin taki a bakin roba. Ya shafa inda reza ta bi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi jin daɗi. Tambaya kawai yake yi a hankali, tana ba shi amsa kamar a gaban alƙali: tokar, feshin, takin, ranar.

"To me ya fara kawo duk wannan, Hajiya?"

"Tsutsa. Tsutsar da ba a gani. Duk ganyen da ya fito sai ta ɓula shi tun yana naɗe."

"Tun yana naɗe?"

"Wallahi. Yana warwarewa za ka gan shi da huda."

"Bakin hudar ya bushe? Ya yi baƙi, ko ya yi kaca-kaca irin na cin tsutsa?"

Ta yi tunani. "A'a. Sumul yake. Kamar tela ya yanka."

Tsohon ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga ɗaki, ya fito da wani littafi da bangonsa ya rabu. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa, ya ajiye mata a cinya.

Ba ta iya karatun boko ba, amma hoto ba ya bukatar karatu. Ga ganyen nan. Shi ne, ba wani ba. Huda a jere dama da hagu, manya kusa da jijiya, ƙanana a gefe, tsiron ya hau wata ƙatuwar bishiya a cikin daji mai duhu.

"Ba tsutsa ba ce," in ji Malam Hambali. "Halittarsa ce. Yana ƙarami ganyensa a rufe yake. Sai ya girma, ya sami abin hawa, ya ji daɗin wurin da yake, sannan ya fara fitar da mai huda. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganinsa da idona, a kudu, lokacin da aka tura mu kwas. A ƙasarmu mai zafi da bushewa, ban zaci zai yi ba. Bara Malama ta kawo ɗalibanta nan, na ce mata ba zai yi ba. Ta yi dariya ta ce, Baba, zai yi, ranar da ya yi zan kawo maka ganyen har gida." Ya rufe littafin a hankali. "Shekara shida tana jira. A hannunki ya yi, Hajiya. Kulawarki ce ta sa ya yi."

Wannan magana ta ƙarshe don ya sanyaya mata rai ya faɗe ta, amma ita ce ta fi yanka. Gwamma ta tuna wata ranar Juma'a tana tankaɗe, Nuriyya ta tsuguna kusa da ita ta miƙo waya ta ce, Inna, kalli abin da 'yar Kalaba za ta zama. Ita kuwa yarinyar ta matso da yawa, kafaɗa na taɓa kafaɗa, ga Bilki a tsaye tana kallo. Sai ta ce, kawar min, hannuna da gari. Ba ta kalla ba.

"Guda nawa ya yi?" in ji Malam Hambali.

"Biyar."

"Suna ina?"

"Murhu."

Kaji suna ta tono a gindin gwaiba. Can nesa injin markaɗe yana kuka. Gwamma ta zauna da hannuwanta a buɗe a kan cinya, tana kallonsu kamar na wata.

"Malam, zai tashi?"

Ya juye bokitin a kan buhu. Saiwar ta fito baƙa, tana wari, tana narkewa a hannu. Ya bi karan da babban yatsa tun daga ƙasa, gaɓa bayan gaɓa, yana matsawa yana girgiza kai. Sai can kusa da ƙarshe, ta bayan sandar inda ido ba ya kaiwa, ya tsaya. Gaɓa ɗaya ce mai tauri, da ɗan ganye ƙarami da wani ɗan tsinin saiwa kamar ƙwayar shinkafa, wanda reza ba ta gani ba.

"Uwar ta tafi," ya ce. "Wannan kaɗai."

Ya wanke wuƙar dashe, ya yanke gaɓar, ya ɗauraye ta, ya sa a gorar roba da ruwan rijiyarsa. Abin da Gwamma ta ɗauko da hannu biyu daga Gwarzo, yanzu yatsa biyu sun ishe shi.

"Inuwa mai haske. Ki canja ruwan duk kwana uku. Ba taki, ba toka, ba feshi. In Allah ya so, ya yi saiwa."

"In ya yi saiwa, yaushe zai yi mai huda?"

Bai so ya faɗa ba, amma ba mutumin ƙarya ba ne. "Shekara uku. Ko huɗu. In ya so."

Ta gyaɗa kai. Ta yi godiya yadda ake yi, ta ce a gaida iyali, ya ce Allah ya ba Malama lafiya, ta ce amin. Sandar gorar da buhunta ta bar masa a jingine da darbejiya.

Ta yi azahar a wani gida kusa da tasha, ta fito ta zauna a kan benci a bakin hanya, gorar a cikin mayafi don kada rana ta taɓa ta. Motar Gwarzo ta cika ta tashi, ba ta shiga ba. Ta Kano ta tsaya tana lodi, direban yana ta kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu. Ta zauna tana lissafin abin da za ta ce. Tana iya cewa sumul, kamar kullum, yarinyar ta tafi tana zaton abin bai taɓa yi ba, Malam Hambali ne ya yi gaskiya. Ko ta faɗi abin da hannunta ya yi.

Ba ta jira la'asar ba. Ta ciro wayar daga lalita ta danna lambar da ke sama. Badi'a ce ta ɗauka, muryarta a dushe.

"Yaya."

"Ba ni ita."

"Yaya, tun asuba ba ta yi magana ba. Idonta a rufe. Likita ya ce wataƙila tana ji."

"Sa mata a kunne."

Aka yi motsi, ƙarfen gado ya yi ƙara. Sai wani huci mai nauyi, a hankali, yana shiga yana fita, da wata na'ura tana ɗiga ƙara a gefe.

Gwamma ta buɗe baki ta ce "ke", ta tsaya. Ta ce "Malama", ta tsaya. Mai tallan rake yana kallonta, matan da ke jiran mota suna kallonta, duk tashar Kabo a buɗe take. Ta damƙe gorar.

"Nuriyya."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka shekara talatin da biyu ba a buɗe ba.

"Nuriyya, ni ce. Ta yi. 'Yar Kalaba ta yi mai huda. Ƙarya na yi miki. Sau biyar ta yi, ni na tsinke, na zaci tsutsa ce. Na farkon ya fi tafin hannuna. Huda bakwai gare shi, na ƙirga, don ina jin haushi na ƙirga. Huɗu a dama, uku a hagu. Ta kusa da jijiya doguwa ce kamar ƙwayar dabino. In kin ɗaga shi kina hango taga ta ciki. Kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Kyakkyawa ne, Nuriyya. Ban san kyakkyawa ba ne."

Hucin bai canja ba. Na'urar tana ta ɗigarta.

"Badi'a? Ta ji?"

Badi'a tana kuka ƙasa-ƙasa. "Ban sani ba, Yaya. Ci gaba."

"Kano, saura mutum ɗaya!" in ji direba.

Gwamma ta dafa bencin ta miƙe, gwiwoyin suna ƙara, waya a kunne, gora a ƙirji. Ta ɗaga wa direban haɓa ya jira ta.

"Na biyun kuma," ta ce, tana jan ƙafa zuwa motar, "huda tara gare shi."